Yadda ake bin silsilar rubutun taurari na Latin da ba a san mai shi ba

A ƙarni na 8 da na 9, 'yan zuhudu a Turai sun yi ta kwafar bayanan taurari a kan fata, galibi don su iya lissafin ranar Ista, bikin Kiristoci da ranarsa ke sauyawa kowace shekara. Yawancin rubuce-rubucen ba sa ɗauke da sunan kowa. To ta ina za ka kama bakin zaren?

Fara da kalmomin farko, ka rubuta su harafi da harafi. Take ba abin dogaro ba ne, kowane mai kwafa da wanda yake laƙabawa. Da kalmomin buɗewar ake neman 'yan'uwan rubutun a kundin Thorndike da Kibre, wanda ya jera tsofaffin rubuce-rubucen kimiyya na Latin bisa kalmominsu na farko.

In ka ga suna, kada ka yi saurin gaskatawa. An daɗe ana jingina De signis caeli, wani rubutu kan taurari, ga Bede, malamin zuhudu na Ingila, alhali ba nasa ba ne.

Sai ka raba shekarun littafin da shekarun maganar da ke cikinsa. Nan ne sabon shiga ke yin tuntuɓe. Salon hannu yana nuna lokacin kwafa: haruffan zamanin Sarki Shalaman (Charlemagne), masu tsabta da tazara a tsakaninsu, ba sa ɓuya. Lokacin da aka tsara maganar kuwa, cikin lissafin yake, don mai lissafi yakan buga misali da shekarar da yake ciki. Kundin lissafin Ista da ke Munich an kwafe shi a ƙarni na 9, amma misalansa sun nuna wani ɗan Ailan ne ya tsara shi wajen 719.

Yanzu jera kwafe-kwafen ka bi su layi-layi kana farautar kuskure. Daidai ba ya nuna dangantaka, kuskure ne ke tona asiri. Idon mai kwafa kan yi tsalle daga wata kalma zuwa irinta a layi na ƙasa, abin da ke tsakani ya salwanta. Kwafi biyu masu giɓi a wuri ɗaya, galibi kakansu ɗaya. Lambobin Rumawa sun fi komai saurin lalacewa: sanda ɗaya ta faɗi, taurari XIII (13) sun koma XII (12).

Hotuna kuma ka yi musu tasu silsilar daban. Sau da yawa mai zane wani littafin ya duba, shi ya sa za ka ƙirga ɗige-ɗigen taurari a jikin hoton rukunin taurarin da ake kira Zaki ka tarar ba su yi daidai da adadin da aka rubuta a gefensa ba.