Hilux na misin: kurakuran da na gaji da gani a gareji

A satin nan kaɗai motoci uku aka kawo mani garejinmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura, duk ciwo ɗaya, wato misin: inji na kakkarwa a silo, salansa na tari, in an taka totur mota ta riƙa tafiya kamar an ɗaure ta da igiya ta baya. Duk sun biyo ta hannun wasu kafin su iso, kuma a ƙarƙashin kujerar kowace na tarar da leda cike da fulogai da kwayil (mai tura wa fulogi wuta) da aka cire, alhali lafiyarsu lau. Maganata a kan a-kori-kura mai shan fetur ce, musamman Hilux mai inji 2.7 da silinda huɗu, irin wadda ta cika hanyar Mashi da Daura da Jibiya. Mai shan gas ba ta da fulogin wuta, tata hanyar daban.

Misin dai silinda ce ta ƙi ƙona mai lokacin da ya kamata. Abu uku take bukata: wuta, mai, da matsi, wato kwamfureshin. Yaran yanzu na farkon kaɗai suka sani, shi ya sa babban kuskurensu shi ne sayen kaya kafin awo. Ni ma na yi shi, kuma na ji a jikina.

Ban daɗe da yayewa daga hannun maigidana ba, wani Alhaji ɗan Daura mai safarar gero da wake ya kawo mani tsohuwar Hilux mai injin 3RZ. Silinda ta 3 ke misin. Na sa sababbin fulogai, ya tafi, kwana biyu ya dawo. Na ce kwayil ne. Ya dawo. Na ce nozul ne, mai fesa wa silinda fetur. Ya dawo. Nan fa na tsuke fuska irin ta masana na ce biren bos ne, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa injin, na sa shi ya ba da kuɗi na hau mota har Ƙofar Ruwa a Kano na sayo ɗan Beljiyam. Zuwansa na biyar ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba.

"Malam, ka faɗa mani gaskiya, gyara kake yi ko koyo kake da kuɗina?"

Na rasa bakin magana. Da yamma na ja motar zuwa wurin maigidana. Bai ko buɗe bonet ba, ya sa aka kashe inji aka sake murza makulli, ya karkata kunne. Sitata na juyawa, sau uku da nauyi, na huɗu sakayau, kamar mai ɗingishi.

"Ɗana, ka auna ta?"

"A'a, Baba."

"To me ka yi wata guda kana yi?"

Ya ɗauko gejin auna matsi, muka cire fulogai duka huɗu, muka zare fis ɗin famfon mai, yaro ya take totur har ƙasa yana murza makulli. Silinda uku sun haura 160, ta 3 ko 90 ba ta kai ba. Ya ɗiga cokali guda na baƙin mai a raminta ya sake aunawa, allura ba ta ƙara komai ba. Da ringin fistin ne ya ci, man zai toshe kafar na ɗan lokaci, awon ya tashi. Tunda bai tashi ba, ciwon yana sama. Muka buɗe tof, wato kan inji, sai ga bawul ɗin salansa da giɓi a gefe kamar ɓera ya gutsura. Aikin minti goma ne ya gagare ni wata guda, na bar jaki ina ta dukan taiki. Kuɗin biren bos ɗin nan da ragon da nake kiwo don layya na biya shi.

Dalilin ƙonewar ma darasi ne. Bawul yana sauke zafinsa ne idan ya zauna daram a mazauninsa. A 3RZ tazarar bawul da shim, wani ɗan faifan ƙarfe, ake saita ta, kuma tana tsukewa da tsufa. In ta tsuke, bawul ba ya rufewa sosai, wuta ta riƙa lasar gefensa har ta ci shi. Direba kuwa murna yake wai injinsa ba ya ƙara. Injin 2TR da ya gaje shi da matsin baƙin mai yake daidaita tazarar da kansa, amma shi ma ba na yi masa rantsuwa sai na auna. Tun daga ranar nan, duk misin da ya dawo sau biyu a silinda ɗaya, geji nake fara ɗaukowa.

Kafin geji akwai musaya, kuma kyauta ce. Wasu abu ɗai-ɗai suke matsarwa, ni ba ni da wannan haƙurin. In ta 3 ce ke ciwo, kwayil ɗinta ya koma ta 1, fuloginta ya koma ta 2, in goge lambar matsalar da kwamfutar gwajin mota ta nuna in zagaya da motar. Ciwo ya koma 1, kwayil ne. Ya koma 2, fulogi ne. Ya tsaya a 3, saura nozul, waya, ko matsi. Ba a kashe ko kwabo ba.

Sai masu bautar kwamfuta. Yaro ya jona ta, ta nuna P0303, ya ce "ta ce kwayil ne." Ƙarya kake yi mata! Cewa ta yi silinda ta 3 na misin, ba ta faɗi dalili ba. In kuwa P0300 ta nuna, ciwon yawo yake tsakanin silindoji, sai ka nemi abin da suka yi tarayya a kai: famfon mai da ya gaji, tiyon iska da ya tsage, ko fetur ɗin galan da aka saya bakin titi aka haɗa da abin da Allah kaɗai ya sani. Kuma don Allah a koyi ƙirga. Silinda ta 1 ita ce ta gaba wajen fanka. Na ga wanda ya ƙirgo daga wajen direba, ya canza wa ta 2 kaya, ta 3 na nan tana kuka.

Wani kuskuren shi ne rashin tambayar mai mota. Yaushe take yi? In a silo ne kawai, da an ba ta wuta ta ware, ina zargin iska na shiga ta inda bai kamata ba, ko bawul ya fara yoyo. In sai an loda buhuna an kama hawa, yawanci wuta ce ta yi rauni, don tartsatsi ya fi wahalar tsallake bakin fulogi idan matsi ya yi yawa. In kuwa da sassafe ne kawai, ta yi ɗan lokaci ta daina, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, to gasket ɗin tof ne ke tsatso ruwa cikin silinda da dare. Fulogin wajen za ka gan shi tas kamar an wanke, sauran da ɗan tokarsu.

Wannan ya kawo ni kanku, direbobi, da masu ɗaure muku gindi a cikinmu. Wa ya ce muku zafin Katsina ya fi ƙarfin tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji? Ku cire shi ku jefar, ku ɗura ruwan rijiya a lagireto, tsatsa da gishiri su toshe shi, inji ya tafasa a hanyar Mai'aduwa, tof ya lanƙwashe, sannan ku zo kuna cewa sammu ne. Ga kuma fitilar gargaɗin nan ta inji da ke jikin mita. In ta kama ta tsaya, akwai matsala. In tana ƙiftawa, ka sauka daga titi. Ɗanyen mai ne ke wucewa cikin salansa yana ƙonewa a cikin indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, har ya narkar da shi, saura kuma ya wanke baƙin man jikin silinda ya gangara ƙasa ya tsinka man inji. Na taɓa ɓamɓare sitika daga gilashin mitar wata mota, ashe fitilar aka rufe da ita don ta daina damun direba.

Ƙanana kuma ba su ƙirguwa. Fulogin jabu mai kwalin Denso ko NGK, araha ba ta ado. Goge fulogin iridiyam da sanfefa, an kashe shi ke nan. Sa sabon kwayil a ramin da ya cika da baƙin mai ba tare da an canza robar murfin bawul ba. Soket da kunnensa ya karye aka tokare da tsinken tsintsiya. Wanke inji da ruwan matsi har ya cika ramukan fulogi. Ɗaure fulogi da sifana tun daga farko, alhali tof ɗin alminiyam ne. Da hannu ake fara murzawa, kuma sai inji ya huce. In za ka kashe silinda don gwaji inji na aiki, soket ɗin nozul za ka zare, kada ka fizgo kwayil yana neman inda zai zubar da wutarsa.

Na ƙarshe, sallamar mota daga silo a cikin gareji. Ni ba na miƙa makulli sai inji ya yi zafi sosai, na sa yara sun jefa tsofaffin giyabos biyu a baya don nauyi, na fita hanyar Daura na matsa mata a giya huɗu tana ƙasa-ƙasa, na dawo na sake jona kwamfuta. In mai motar na sauri, ya zauna a benci a kawo masa shayi.