Yadda na gyara tsohon akwatin gem a Ƙofar Ƙaura

Akwatin irin na gidajen wasa ne, mai cin kwabo, sikirinsa irin na tsohuwar talabijin mai ƙeya. Da an kunna sai hoton ya hargitse, gem ɗin ya koma farko.

Ban taɓa bayan sikirin ba sai da na sauke wutarsa, don tana nan ko an zare soket, kuma tana da haɗari sosai. Na auna wutar da ke shiga bod, wato allon lantarkin da gem ɗin ke ciki: maimakon volt 5, sai na ga 4.6. Bakin JAMMA mai ƙafa 56 kuwa, wato inda wayoyin akwatin ke haɗuwa da bod ɗin, ƙurar hunturu ta cika shi. Na goge shi da sifirit, na canza kafasito (ƙananan kayan da ke riƙe wuta) biyu da suka kumbura a fawa saflai, wato na'urar da ke ba bod wuta, na daidaita wutar zuwa 5.1. Hoto ya zauna daram.