Yadda na gyara rufin motata da ya ƙi ɗaguwa bayan na ɗora ƙarfen kaya

Motata Volkswagen ce mai rufin da ake ɗagawa a kwana a ciki. Kafin tafiya Dakoro na sa mai walda a nan Maraɗi ya haɗa mani ƙarfen ɗaukar kaya a samanta. Tun ranar rufin ya ƙi ɗaguwa. In na tura da kafaɗa ya hau, da na saki sai ya dawo gim, har ya taɓa buge mani ƙeya.

Na zaci ƙura ce ta cika hinjin, na wanke na sa giris. Shiru. Na sassauta notoci, nan ma a banza.

Ashe nauyi ne. Na kwance ƙarfen na kai kan sikelin masu hatsi: kilo 34, tun ba a ɗora ko jarka ba! Sandunan iska biyu masu tura rufin kuwa 400N aka rubuta a jikinsu, wato awon ƙarfin da kowace ke turawa da shi.

Na sa aka yanke wa ƙarfen kayan shingen gefe, ya koma kilo 19. Na matsar da shi santimita 30 zuwa wajen hinji, don can nauyi bai cika danne rufi ba. Sannan na tokare rufin da katako, kada ya faɗo mani, na canja sandunan ɗaya bayan ɗaya da masu 600N, tsawonsu daidai da tsofaffin, siririn ƙarfen kowace sanda yana kallon ƙasa. Ƙarƙashin kowane noti na sa faranti da silikon saboda damina.

Yanzu hannu ɗaya ke ɗaga shi, amma jarkoki sai na sauke tukuna. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa ƙanena da ya riƙe mani tsani.