Kafin ka kai kyamararka a saita mata fokas

Ana maganar kyamara irin rangefinder ce, wadda ake saita mata fokas ta hanyar haɗa hotuna biyu a tagar dubawa. Da farko ka gwada ta a gida tukuna. Da daddare ka auna farin wata, ka murɗa lens ɗin har ƙarshe ta ɓangaren nesa, in hotuna biyun nan da ke cikin tagar dubawa ba su hau kan juna ba to akwai matsala. Sai ka jingina rula a karkace, tazarar mita 1, ka saita fokas kan lamba ɗaya, ka buɗe lens ɗin gaba ɗaya ka ɗauka, ka ga ko ita ce ta fito tas. Lens mai 50mm a f/1.4 (wato a buɗe sosai) wurin da ke fita tas bai wuce santimita 3 ba fa, shi ya sa za ka auna ido ka ga kunne ne ya fito.

Daga nan ka zagaya wajen tsofaffin masu hoto na Ahmadu Bello Way ko Tudun Wada, ka ce Baba wa ke muku gyara tun zamanin fim? Don Allah banda masu gyaran waya. In ka samu mutumin ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irin wannan kyamara, kamar Leica ko Zorki, in ya fara kame-kame ɗauki kayanka kawai. Ka kai kyamarar tare da lens ɗin, don wani sa'in laifin na lens ne, kuma ka maimaita gwajin rular nan a gabansa kafin ka cika kuɗi.