Yadda nake haɗa gero, dawa da wake a gona ɗaya ba tare da sun ci juna ba

Gonata tana arewa da Kano, wajen Bichi, jigawa ce mai yashi, ba ta kai kadada biyu ba. A cikinta nake fitar da geron fura, dawar tuwo, waken sayarwa, da harawar da tumakina ke ci har bazara. Masu wucewa kan ɗauka zuba iri kawai nake yi a hargitse. Ba haka ba ne. Kowace shuka da ranar shigarta, kuma yawancin waɗanda haɗin ya ba su kunya a nan suka yi kuskure.

Aikin yana farawa tun da rani. Ina kai takin dabbobi da tokar murhu a amalanke, in jibge tuli-tuli, in baza idan hadari ya fara haɗuwa. Akwai gawo guda biyu a gonar, ba na bari a sa musu gatari, domin gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina kauri.

Gero ne ke fara shiga, da ruwan shuka na farko, yawanci a watan Yuni. Wasu maƙwabtana binne suke yi tun ƙasa na bushe. Ni na daina, tun shekarar da yayyafi ya tsirar da shi sannan rana ta ƙone shi. Ka ba layukan gero tazara sosai, kamar taku uku tsakanin layi da layi, taku ɗaya tsakanin rami da rami. Idonka zai ce maka ka yi asarar fili. Ƙyale shi, wurin na masu zuwa ne.

Bayan mako ɗaya ko biyu, idan ruwa ya zauna, sai dawa, kaura ko farafara, a tsakanin layukan geron. Dalilin da ya sa waɗannan biyu ke zaman lafiya shi ne ba sa cin abinci lokaci ɗaya. Gero mai gaggawa ne, cikin wata uku ya gama. Dawa kuwa a wannan lokacin tana ƙasa tana kafa saiwa, sai an cire gero a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba take miƙewa ta yi ciki, a girbe ta a Nuwamba. In ka haɗa maiwa da dawa ba za ka samu wannan ba, don dukansu masu jinkiri ne, kokawa za su yi har kaka.

Idan gyaɗa kake so a ciki, tsarin iyayenmu na gicci ya fi. A yi kunyoyi a shuka gyaɗa a kansu, sannan layukan hatsi su ratsa kunyoyin a gicciye, da faɗi mai yawa a tsakani, rana na sauka kan gyaɗar. Mahaifina haka ya yi ta yi. Yakan ba mu labarin 1975, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa ta share gonakin Arewa: waɗanda suka yi gyaɗa zalla suka tashi hannu rabbana, shi kuwa hatsin giccinsa ne ya riƙe gidan.

Sai wake, wanda a kansa zan daɗe, don shi ne mai wuyar sha'ani. Waken gida mai yaɗo, irin su Kanannado, ba a shuka shi tare da gero. Jira za ka yi sai an yi noman firi, wato noman farko, an rage gero zuwa tsiro biyu ko uku a rami, an yi maimai (noma na biyu), wato wajen ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta. Wannan wake ba ya fure sai yini ya gajarta, wajen ƙarshen Satumba, don haka shuka shi da wuri ba ya sa ya yi 'ya'ya da wuri, sai dai ya yi ta yaɗo yana hawa kan hatsi. In an shuka shi a kan kari, zai zauna a inuwar gero yana lallaɓawa, ranar da aka kwantar da karan gero rana ta same shi, sai ya bazu ya rufe ƙasa, ciyawa ta rasa wurin fitowa. Da ragowar danshi da raɓa yake ƙarasawa.

Wata shekara na sayo waken zamani mai tsayuwa, mai nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki, na cusa shi a ƙarƙashin kaura kamar yadda nake yi wa Kanannado. Ya yi tsawo siriri kamar zare, ganye ɗai-ɗai, abin da na roro bai cika kwano goma ba. Wani dattijo da muke iyaka da shi ya tsaya ya duba, ya ce, "Malam, wannan ai ɗan rana ne, ka kai shi ɗaki ka rufe." Gaskiyarsa. Irin wannan wake tsarinsa daban ne, shi ne wanda masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA a Kano suka yaɗa: layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, santimita 75 tsakanin layuka, wake kuma santimita 20 tsakanin ramuka, tsiro biyu a kowane rami. A nan tare ake shuka su da hatsin. Faɗin layi huɗun ne ke ba waken rana. Yanzu kashi ɗaya cikin uku na gonata haka nake yi masa, kuma a shekarar da damina ta yi tsawo, ina roron na farko a Agusta in sake shuka wani a gurbinsa.

Wannan tsari ya sauƙaƙa mini abu biyu. Na farko taki: NPK kowa ya samu a farko, amma yuriya layukan hatsi kaɗai nake bi da ita, domin wake yana samar wa kansa sinadarin naitirojin da ke cikin yuriyar ta ƙulle-ƙullen da ke saiwarsa. Tumɓuke guda ɗaya ka fasa ƙullin da farce, in cikinsa ja-ja ne, yana aiki. In ka ɗura masa yuriya, ganye zai ba ka. Na biyu feshi: waken zamani sai da feshi sau biyu ko uku, daga fara fure zuwa ɗaure kwanso, saboda tsutsa da ƙwarin fure, kuma bin layi huɗu a fili ya fi kutsawa cikin dawa da famfo a baya. Da yamma nake yi, iska ta kwanta, in rufe hanci da baki.

Shekara mai zuwa sai a yi musanya, hatsi ya koma inda wake ya tashi. Wannan na rage wuta-wuta, ciyawar nan mai shanye hatsi, ko da yake ba ya kashe ta. Duk wadda ta fito cire ta nake yi kafin ta yi fure, in fitar da ita daga gonar in ƙone.

A bakin iyaka uwargida na da layinta na kuɓewa, yakuwa da riɗi, ba na sa mata baki.

Harawa kuma kada ka jira ta bushe a gona, ganyen zai kakkaɓe ya bar ka da igiya. Da an gama roro, tun tana da sauran kore, a yanke a naɗe ta ƙunshi-ƙunshi, a ɗora kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya inda awaki ba sa kaiwa. Tawa a kan soron zaure take kwana, kuma ba na taɓa ta sai watan Maris, lokacin da kiwo ya ƙare a daji.