Yadda Ake Lissafin Turjiya da Kwararar Wuta Yayin da Kapasita Ke Cika

Idan aka haɗa batir da resista (mai turje wa kwararar wuta) da kapasita (mai ajiye caji) a jere, aka kunna makunni, kwararar wuta ba ta tsayawa a adadi ɗaya. A farkon kunnawa, kapasitar da babu caji a cikinta ba ta tare komai, don haka duk bolt ɗin batir a kan resista yake sauka, kuma dokar Ohm kaɗai ta isa: I = V/R, inda I ke nufin kwarara, V bolt ɗin batir, R kuma turjiyar resista. Da zarar caji ya fara taruwa, sai kapasita ta riƙa karɓar nata kason, abin da ya rage wa resista ya yi ta raguwa, kwararar ma ta biyo shi. Dokar Kirchhoff ce ta tabbatar da haka, domin bolt na resista da na kapasita, in aka tara su, kullum daidai suke da na batir. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin aikin.

Saurin cikar ya dogara ne da R sau C (C shi ne girman ma'ajiyar kapasita), wanda amsarsa daƙiƙa ce muddin an saka R da om, C kuma da farad. Bayan wannan lokaci ya wuce sau ɗaya, kapasita ta kai kashi 63 cikin ɗari na bolt ɗin batir, kwarara kuma ta sauko zuwa kashi 37 na yadda ta faro. Bayan sau biyar cikar ta haura kashi 99, kuma a aikace ana ɗaukarta a cike.

A ce batir na bolt 12 ne, kapasita mai maikirofarad 100, ana neman R da zai sa ta kai bolt 8 cikin daƙiƙa 2. Daga Vc = V(1 − e^(−t/RC)) (Vc bolt ɗin kapasita ne, t lokaci, e kuma tsayayyen adadi ne, kimanin 2.718) ake juyowa a samu R = −t / [C × ln(1 − Vc/V)]. A raba 8 da 12, a cire daga 1, saura ɗaya bisa uku. A danna maɓallin ln (logarithm mai tushe e) a kalkuleta, za a ga −1.0986. A nan ake yawan yin tuntuɓe: maikirofarad 100 farad 0.0001 ne, wanda kuwa ya saka 100 kai tsaye zai samu om 0.018, adadin da kallo ɗaya ya isa a gane ba daidai ba ne. Haka ma wanda ya danna log maimakon ln zai tashi da kusan om 41,900. Amsar gaskiya ita ce 2 a raba da 0.00010986, wato kimanin om 18,200.

Kwararar farko ita ce 12 a raba da 18,200, miliyamfiya 0.66 ke nan. Ta daƙiƙa ta 2 kuwa ba sai an koma wa e ba: kapasita ta riƙe bolt 8, saura 4 a kan resista, sai a raba 4 da 18,200 a samu miliyamfiya 0.22. A ganina wannan hanya ta fi tsare mutum daga kuskure.

Wajen gwaji, resista mai kilo-om 18 ita ce mafi kusa cikin waɗanda aka fi samu. A sauke cajin kapasita tukuna, domin lissafin daga sifili ya faro, kuma in mai ƙafar tarawa da ta ɗebewa ce, a kula kada a juya ta. Ko mita ta nuna bolt 8 kafin daƙiƙa 2 ko bayanta kaɗan, ba laifin lissafi ba ne, don irin wannan kapasita takan bambanta da abin da aka rubuta a jikinta har da kashi 20 cikin ɗari.