Kanular yaro a asibiti: yadda za ki kula da ita, waya na tuna miki

Duk wadda ta taɓa dutin dare a ɗakin yara ta san abun nan, kina zagaye da asuba ki ɗaga hannun yaro ki ga ya yi suntum, ashe ruwan da ake ƙara masa tun dare ba jijiya yake bi ba, ƙarƙashin fata yake taruwa, uwar na gefe gyangyaɗi ya kwashe ta, shi kuma ya yi kuka har ya gaji ya yi shiru. Babba zai ce miki sista hannuna na zafi. Jaririn wata uku fa? Ga jijiya siririya ga wutsil-wutsil, shi ya sa kanula, 'yar robar nan da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa ko magani, ta fi saurin ɓaci a jikin yara.

Aikin tun daga lokacin sakawa yake farawa. Yawanci rawaya mai lamba 24 ko shuɗiya mai lamba 22 ake sa wa yara, in da hali a bayan hannu, a guji gwiwar hannu inda yake lanƙwasawa. Ki rubuta kwanan wata da lokaci a jikin filastar, ki kuma rubuta a fayil, don duk tunatarwar da za a saita daga wannan lokacin za ta fara ƙirga. In akwai filasta garai-garai wadda ake hango fata ta cikinta ita ce daidai. In babu sai irin tamu ta kullum, to ki bar 'yar taga saman inda allurar ta shiga. Don Allah a daina naɗe hannun yaro da bandeji kamar ɗan dambe zai shiga fili, in kin sa masa kwali ko ɗan katako don kar ya lanƙwasa, yatsu su kasance a waje ana ganinsu.

To sai maganar tunatarwa. Asibitin da ke rubuta bayanan marasa lafiya a kwamfuta, ana iya saita manhajar ta riƙa fito da saƙo, kanular gado kaza ta kwana kaza, an duba wurin? har yanzu ana buƙatarta? Matsalar ita ce in saƙonni suka yi yawa hannu yana sabawa da danna ok ba tare da ido ya karanta ba, ni kaina na sha kama kaina a haka. Don haka in kuna da ta cewa wajen masu saita ta, ku ce a rage tarkace, kuma kar saƙon ya rufu sai an rubuta abun da aka gani a hannun yaron. Inda babu kwamfuta ko wuta na wasa, wayarki ta isa. Ki sa alam duk bayan awa ɗaya in ruwa na tafiya, ki mayar da shi mai girgiza kawai kar ki tashi ɗaki, ki sa masa lambar gado ba sunan yaro ba, kuma hoton yaron mutane ba na tura wa a guruf ɗin WhatsApp ba ne. Ki ƙara wani alam ɗin guda ɗaya na safe daidai lokacin da likitoci ke zagaye, aikinsa kawai ya sa ki tambaya, dokta wannan kanular muna buƙatarta yau? Yaron da ya fara cin abinci yana shan magani ta baki, kanular da aka bari wai ko za a buƙata ƙofa ce kawai aka buɗe wa ƙwayoyin cuta zuwa jini.

In alam ya kaɗa tashi za ki yi ki je, hange daga tebur ba dubawa ba ne. Asibitin yara na Cincinnati a Amurka sun yi suna da wata hanya mai sauƙi, ki taɓa, ki duba, ki gwada da ɗayan hannun. Ko yana barci, ki haska tocila ki ɗaga bargon. In wurin ya kumbura ya yi sanyi, fatar ta ɗame ko ta yi fari-fari, ruwa ne ya fita daga jijiya. In kuma ya yi ɗumi, yaron na zabura in kin taɓa, ko kin ji jijiyar ta yi tauri kamar igiya, jijiyar ce ta harzuƙa. A fatarmu baƙa ja ba ya fitowa sosai, shi ya sa yatsa ya fi ido aiki, shi ya sa kuma gwadawa da ɗayan hannun ke da amfani musamman ga yaro mai ƙiba wanda dama hannunsa ɓul-ɓul yake. Akwai ma'aunin harzuƙar jijiya da ake kira VIP mai lamba daga 0 zuwa 5, in ya kai 2 cire kanular ake yi. Kuma kar ki dogara da na'urar tura ruwa wai za ta yi ƙara, sau da yawa tana ci gaba da turawa cikin tsoka ba ta ce komai ba.

Kin ga kumburi, ki rufe ruwan nan take, kar ki tura komai wai ki gani ko tana aiki. In ruwa ne na yau da kullum ki cire, ki ɗaga hannun kan matashi, ki zagaye iyakar kumburin da biro don a gane ko yana ƙaruwa. Amma in abun da ke tafiya mai ƙona nama ne, irin kalsiyam, fotasiyam, gulukos mai kauri ko fenitoyin na farfaɗiya, kar ki yi saurin zare ta, ki sa sirinji ki zuƙo abun da zai zuƙu sannan ki kira likita yanzu-yanzu, irin waɗannan kan bar gyambo har a kai ga dashen fata.

Lokacin ba da magani kuma, wanke hannu, goge bakin kanular da sifirit kamar daƙiƙa 15 ki bari ya bushe, ki wanke cikinta da nomal salin, wato ruwan gishirin asibiti, kafin magani da bayansa. In ta yi tauri kar ki danna da ƙarfi.

Wani abun da ake yawan ruɗewa a kai, alam ɗin nan ba na cire kanula ranar uku ba ne. Ƙa'idar awa 72 zuwa 96 ta manya ce, jagorar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta 2011 ta ce a yara sai in an ga dalili ake canzawa, don ba ƙaramin abu ba ne a sake neman jijiyar yaro ana danne shi yana ihu. Sai dai wadda aka sa cikin gaggawa ba a samu tsabtace wuri da kyau ba, ita kam a canza ta cikin awa 48.

Uwar yaro ma ki jawo ta cikin aikin, ita ce ke manne da shi dare da rana. Ki nuna mata da hannunki, maman yaro kin ga nan, in ya kumbura ko filasta ta jiƙe ko ta ɗago ko ya ƙi yarda a taɓa hannun, ki kira ni ko ƙarfe nawa ne. Ki gaya mata kar ta murɗa abun daidaita ɗigon ruwa don ya ƙare da wuri, ruwa in ya yi wa yaro yawa huhu yake tafiya, kuma ba a shafa man zafi ko gasa wurin da ruwan zafi.

In za ki tashi aiki, ke da mai karɓarki ku je gadon tare ku ga hannun, ta saita nata alam ɗin a gabanki. Bayan an cire kanula ma ki bar tunatarwa guda ta kwana biyu, don jijiya takan harzuƙa bayan an zare, in kuma sallama aka yi ki faɗa wa uwar ta riƙa duba wurin a gida, ta dawo da shi in ya kumbura, ya fara ruwa ko zazzaɓi ya taso.